Gwal ɗin Inna da igiyar aurena

A cikin birnin Katsina aka haife ni, wajen Ƙofar Marusa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a cikin gida, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa buɗe asusu a banki ba. Duk sanda ta kwashi adashi sai ta nufi wurin 'yan gwal ta sayo abin da kuɗin ya kai. Bana zobe, baɗi 'yan kunne, a haka har ta haɗa sarƙa da warwaro biyu. Ta rasu ina ajin ƙarshe a sakandare.

Da aka zo rabon gado aka kai kayan aka auna, suka tashi giram 38, duka karat 21. Mutane da yawa suna ɗauka kayan adon uwa na 'ya'ya mata ne kai tsaye, alhali a shari'a kowane magaji yana da haƙƙi a ciki. Baba yana da rubu'i, abin da ya saura kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Baba da yayyena biyu suka ce sun bar mini nasu kyauta, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Tun daga ranar nake ajiye su a wata 'yar jakar karan-miski ja, a ƙasan akwatina.

Ina karatu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina muka haɗu da wanda ya zama mijina. Ɗan kasuwa ne, yana bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ya ɗauko shinkafa da taliya da man girki da dabino ya raba wa masu shaguna. Mutum ne mai kunya, idan ya zo zance rabin hirar duk a kan ciniki take. Abin da ya sa ya shiga raina shi ne lokacin da aka kwantar da Baba a asibiti. Yayyena ba sa gari, shi ya riƙa kwana a kan tabarma a gefen gadon, yana kai shi banɗaki, yana wanke masa kwano, ba tare da kowa ya sa shi ba. Aka kai gaisuwa, aka sa rana, aka ɗaura aure a ƙarshen 2018. Muka kama ciki da falo a Sabuwar Unguwa. Na so shi so na gaskiya, kuma har gobe ban yi shakkar cewa shi ma ya so ni ba.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Duk wanda abincinsa yake kan hanyar Maraɗi ya san abin da ya biyo baya. Jarin da mijina yake juyawa ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai wani mai kuɗi da yake ba shi a raba riba. Da hanya ta toshe sai ya bi sahun masu shigo da kaya ta daji cikin dare. Wata rana aka kama kayan gaba ɗaya. Bai faɗa mini ba. Kullum yana fita da safe da tsabtatattun kaya, ya dawo da cefane, ni kuwa ga ciki, daga baya ga goyo, ban lura da komai ba sai ramar da yake yi. Mai kuɗi ya matsa masa, har ya ce zai sa a ɗaure shi.

Ana gab da Babbar Sallar 2020 ya ce mini, "Kayan nan na Inna sun dusashe. Kawo in kai a wanke miki su, ki sa da Sallah." Na ɗauko jakar da hannuna na miƙa masa. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita, kaya suna ta walƙiya. Na ce na ji kamar sun rage nauyi. Ya ce dattin shekara da shekaru ne ya fita. Na yi masa godiya har da addu'a, na sa su na zaga gaisuwar Sallah gidan dangi.

Da yake ba kullum nake sa su ba, an daɗe kafin alamu su bayyana. Na fara ganin wani baƙi-baƙi mai ratsin kore a wuyana idan na yi gumi, kunnena yana ƙaiƙayi, wajen maƙalar sarƙar kuma launi ya soma koɗewa. Na ɗauka turare ne. Sai cikin 2021, da likita ya ce za a yi wa Baba aikin yanar ido, na yanke shawarar sayar da warwaro ɗaya. Na ɗauki jakar gaba ɗaya na tafi kasuwa.

Mai shagon dattijo ne. Ya fara ɗora warwaron a ma'auni, ya dube ni, ya sake ɗorawa. Ya juya cikinsa ya ga hatimin 875, wato alamar karat 21, ya ce hatimi ba hujja ba ne, kowane maƙeri yana iya buga shi. Ya kara maganaɗisu, bai kama ba. Na ji sanyi a raina, sai ya ce tagulla ma ba ta kama maganaɗisu, don haka wannan gwajin da mata suke yi a gida ƙarfe kawai yake tonawa. Ya ɗauko wani baƙin dutse ya goga warwaron har ya bar zane, ya ɗiga ruwan gwaji a kai. Ina kallo zanen ya ɓace. Ya sa magagari ya ɗan karce gefe, wani launi daban ya leƙo daga ciki. Ya zuba duka kayan a ma'auni, ba su wuce giram ashirin da 'yan kai ba, domin tagulla kusan rabin nauyin gwal gare ta idan girmansu ɗaya.

"Hajiya, wannan ruwan gwal aka yi wa. Wa ya sayar miki?"

Na ce gadon mahaifiyata ne. Kallon da ya yi mini na wanda bai tabbatar ba ne ko an cuce ni, ko ni na zo cutarsa. Ban san yadda na kai gida ba.

Da na faɗa wa maigida, sai ya ce mai shagon ne ɗan damfara. Na ce mu je wani shagon tare. Ya yi shiru, can ya ce, "Ba kin ba 'yar uwarki aronsu ba lokacin bikin ƙawarta?" Gaskiya ne na ba ta. Ɗiyar ƙanwar Inna ce, ɗaki ɗaya muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Na ce masa ko a mafarki ba za ta yi haka ba. Amma maganar ta riga ta fita daga bakinsa, ya maimaita ta a gidansu, daga can ta zaga dangi. Yarinya budurwa, an kusa sa mata rana, aka wayi gari ana nuna ta a gidan suna. Manemin nata ya ja baya. Mijina yana gani yana ji, bai ce uffan ba.

Mahaifinta ne ya kawo ƙarshen abin. Ya ce a tafi gaban alƙali, ɗiyarsa za ta yi alwala ta dafa Alƙur'ani, amma duk wanda kayan suka taɓa shiga hannunsa shi ma sai ya dafa. Daren da za a wayi gari a tafi, na idar da sallar isha'i ina kan darduma, ya shigo ya zauna a ƙasa ya ce, "Ni ne." Kano ya kai su don kada a gane shi. Wani maƙeri ya kwaikwayi ƙirar, shi kuma ya sayar da na gaskiyar. Masu saye ba sa biyan kuɗin ƙira, kuma suna saye ƙasa da farashin da suke sayarwa, don haka abin da aka ba shi ko bashin bai gama rufewa ba.

Ban yi kuka ba a daren. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne godiyar da na yi masa, da yadda ya amsa addu'ata da amin. Da asuba na goya ɗiyata na tafi gidan Baba.

Biko na farko ya zo da wuri. Baffanninsa suka zo da goro, aka zauna a zaure. Sharrin Shaiɗan ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Zaman aure sai haƙuri. Ki dubi yarinyar nan. Tun daga farkon zaman har ƙarshensa babu wanda ya ambaci kalmar gwal, "abin da ya faru" kawai ake cewa. Ba a tambayi nawa ya sayar ba, ba a ce yaushe zai biya ba, ba a ce wa zai je gidan yarinyar da aka ɓata wa suna ba. Shi kansa yana gefe kansa a sunkuye, wasu ne suke ba da haƙuri a madadinsa. Baba ya ce, "Ɗiyata, ki yafe masa." Na ce na yafe. Wace 'ya ce za ta ce a'a a gaban iyaye?

Irin wannan sulhu shi ya fi yawa a gidajenmu, kuma shi ya fi kashe aure. Na koma ɗakina da zuciyar da ba a tambaye ta komai ba. Idan ya ce ya sayo mudun shinkafa kaza, sai na aiki yaro ya tambayo farashi. Mabuɗin durowa a ƙugu nake ɗaure shi ko wanka zan shiga. Idan wayarsa ta yi ƙara ya fita waje, sai gabana ya faɗi, in ce wani mai bin bashin ne. In ya ce yana masallaci, ina son in san wane masallaci. Shi kuma abin ya fara cin sa. "Ba kin ce kin yafe ba?" Kusan kullum sai na ji wannan tambayar, kuma ba ni da amsa, domin na faɗa ɗin da bakina. A ganinsa an rufe magana ranar biko. A wurina ko buɗe ta ba a yi ba. Wata rana gardama ta tashi a kan kuɗin madarar yarinya, ta gangara har kan gwal, ya ɗauki biro ya rubuta mini saki ɗaya.

A nan Kawu ya shigo, yayan Inna, wanda lokacin bikon farko yana Daura ba a neme shi ba. Abin da ya fara yi shi ne faɗa wa gidajen biyu gaskiya: ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta lokacin idda, ita ma ta hana ta fita, al'ada ce kawai ta mayar da tafiya gida kamar dole. Amma tunda na riga na taho, ya ce a bar ni, a yi abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce, a tsayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nawa. Shi ya tsaya mini, wani baffan mijina da bai zo bikon farko ba ya tsaya masa, limamin unguwarmu ya zama shaida.

Ba su haɗa mu ba da farko. Kowa an saurare shi shi kaɗai. Kawu ya ce, "Faɗi duk abin da ke ranki, ba wanda zai ce miki ki yi haƙuri a ɗakin nan." Ranar na yi kukan da ban yi ba tun farko. Sai da na fara magana na gane ba gwal ɗin ne ya fi ci mini rai ba. Da ya zo ya ce mini za a ɗaure shi, wallahi da hannuna zan kai su kasuwa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ya zaɓi ya yaudare ni a kan ya nuna mini gazawarsa, sannan ya bar marainiyar magana ta faɗa kan yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Da aka haɗa mu, Malam ya ce wa mijina ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, dalla-dalla, ba tare da ya sa Shaiɗan ko rufe boda a ciki ba. Ya faɗa, muryarsa tana rawa. Malam ya ce tuba tana da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, idan kuma haƙƙin wani ne a mayar masa. "Ukun farko tsakaninka da Allah ne, ba ma ganinsu. Na huɗun shi ya tara mu."

Baffansa ya kawo shawarar a ƙiyasta kuɗin da aka sayar a biya ni. Kawu ya ƙi. Ya ce gwal aka ɗauka, gwal za a mayar: giram 38, karat 21. Aka rubuta a takarda bisa umarnin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Aka yarda duk abin da ya samu zai kai wa Kawu, idan ya isa sayen giram biyu ko uku a je shagon da ni na zaɓa, a gwada a auna a gabana, a rubuta a bayan takardar. Aka kuma sa shi ya lissafa duk wanda yake bin sa bashi, har da waɗanda ban sani ba. Suka fito mutum uku. Na ji zafi, amma gara da na ji su a zaune a wuri ɗaya da in riƙa tsintar su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa.

Ni ma an ɗora mini nawa. Muddin yana cika alkawari, ba zan tayar da maganar a cikin wata gardamar da ba ta shafe ta ba, ba zan yi masa gori a gaban mutane ba, ba zan ba 'ya'yanmu labarin don in rage masa daraja ba. Idan ina da shakka a kan wani abu, in tambaye shi kai tsaye, shi kuma ba shi da damar ya yi fushi da tambayar.

Mafi nauyi a kansa shi ne zuwa gidan 'yar uwata. Kawu ya ce tunda a bainar jama'a aka ɓata ta, ba za a wanke ta a ɓoye ba. Aka tara waɗanda suka ji maganar, har da mahaifiyarsa da iyayen manemin da ya janye. Ya durƙusa a tsakar gida ya ce shi ya ɗauka, shi ya jefa mata zargi, ita ba ta san komai ba.

Akwai wani abu da ba a sa shi ba, shi ya yi don kansa. Saki ɗaya ne, kuma a mazhabar Malikiyya iddata tsarki uku ce. Kafin ta cika yana da ikon ya yi kome ba tare da sabon sadaki ba, ba tare da an nemi yardata ba. Danginsa suka yi ta matsa masa ya furta kafin lokaci ya ƙure. Ya ƙi. Ya aiko Kawu ya faɗa mini cewa ba zai mayar da ni da ƙarfin hukunci ba, zai bari idda ta cika, in ya so in zaɓa da kaina. Ya san idan ta cika ina iya auren wani. Tun daren da ya ce "ni ne", wannan ne karo na farko da ya yi abin da shi zai iya yin asara a cikinsa don ni in samu.

Yafiyar gaskiya a azumin 2022 ta zo mini. A wurin tafsiri aka kawo aya ta 22 ta Suratun Nur da dalilin saukarta. Misɗahu ɗan uwan Sayyidina Abubakar ne, Abubakar ke ciyar da shi, amma ya shiga cikin masu yaɗa ƙazafi a kan Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina taimakonsa. Aya ta sauka tana cewa su yafe su kau da kai, shin ba ku son Allah ya gafarta muku? Abubakar ya ce yana so, ya mayar masa da abin da yake ba shi. Na dawo gida na daɗe a zaune. Na duba zuciyata na ga na daina son wani mugun abu ya same shi, har ina iya sa shi a addu'a ba tare da maƙogwarona ya ɗaure ba. Ban faɗa wa kowa ba sai bayan Sallah. Aka sake ɗaura aure da sabon sadaki, Baba ya yi walicci, shaidu suka shaida. Saura igiya biyu tsakaninmu, kuma dukanmu mun san da haka.

Yarda kuwa ba ta dawo tare da ni a motar da ta kai ni ba. A hankali ta riƙa zuwa. Ranar da ya shigo ya ce ya yi asara a kasuwa tun kafin in tambaya. Ranar da wani ya zo da tayin harkar dare mai riba, ya faɗa mini, ya kuma ƙi. An buɗe iyakar Jibiya a 2022, amma bai koma ba, ya kama ɗan shago yana sayar da kayan masarufi. Ni kuma ina koyarwa a wata firamare. Muna da littafi guda da muke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa yana iya buɗawa. Na daina ɗaure mabuɗi a ƙugu, ko da yake takardun gwal ɗin da gwal ɗin kansa suna wurin Kawu, kuma shi da kansa ya ce a bar su can.

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira, farashin giram ya ninninka. A nan hikimar Kawu ta fito, domin da a ce da naira aka rubuta, da abin da zan karɓa ko sarƙar ba zai saya ba. Amma nauyin ya koma kan mijina, ga tsadar abinci, ga yaro na biyu. Wasu watannin ko rabin giram ba ya iya haɗawa. Baffansa ya zo yana neman a sassauta. Na ce a ba ni lokaci. Aya ta 280 ta Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, in an yi sadaka kuma ya fi alheri. Na yafe giram 8 don kaina, ba a zaure ba, ba a gaban kowa ba, na je na sa Kawu ya rubuta. Ya biya 21 zuwa yanzu, saura 9, kuma na cire masa wa'adi. Ƙirar Inna dai ta tafi, an narkar da ita tuntuni, wannan ba abin da zai dawo da ita.

'Yar uwata ba ta yafe masa ba. Manemin farko bai dawo ba, Allah ya ba ta wani, tana aure a Dutsin-Ma. Ni da ita muna waya, ina zuwa gidanta, amma ba ta taka nawa, kuma ranar bikinta ta aiko cewa kada ya zo. Dangi suka so su taru a kanta da maganar haƙuri. Kawu ya tuna musu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncin Wahshi wanda ya kashe Sayyidina Hamza, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ni ma na ce kowa ya ƙyale ta. Mijina yana aika mata gaisuwa ta bakina duk Sallah, ina isarwa, takan ce ta ji.